Gargaɗi ga jama'ar Tsanyawa: kada a sayar da gona saboda alƙawarin iƙamar dindindin

Jama'ar Tsanyawa, daga cikin gari har 'Yankamaye, Gurun, Kabagiwa, Tatsan da Zarogi, a saurara, kuma wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Akwai dillalan tafiya da ke zuwa wa matasa da zawarawa da wata magana mai daɗin ji, wai idan mutum ya shiga Saudiyya ya yi haƙuri ya yi aiki na wasu shekaru, za a ba shi iƙamar dindindin, daga nan ya ɗauko iyalinsa. Wannan magana ƙarya ce. Kafin kowa ya sa hannu a takardar sayar da gona ko ya jinginar da ita, ya san yadda dokar ƙasar take.

Iƙamar da ake ba ma'aikaci baƙo a Saudiyya a ɗaure take da wanda ya ɗauke shi aiki, wato kafili. Shi ke nemanta, shi ke sabunta ta duk lokacin da ta ƙare. Ko mutum ya shekara ashirin yana aiki, shekarun nan ba sa taruwa su zama haƙƙin zama. Ranar da aikin ya ƙare, in ba a samu wani kafilin ba, sai gida. Ɗan da baƙo ya haifa a Makka ko Jidda ma ba ya zama ɗan ƙasa don an haife shi a can. Dillalai suna aro maganar ne daga tsarin wasu ƙasashen Turai irin su Jamus, inda ake lissafa shekarun aiki na halal da biyan haraji da sanin harshe, sai su liƙa wa Saudiyya abin da ba nata ba.

Gaskiya ne akwai iƙama ta musamman wadda ba ta buƙatar kafili, wadda gwamnatin Saudiyya ta fito da ita a 2019. Amma ta dindindin kuɗinta riyal 800,000 ne a biya lokaci guda, wato sama da naira miliyan ɗari biyu, ta shekara guda kuwa riyal 100,000. A farkon 2024 an ƙara wasu rukunai, na masu zuba jari, da ƙwararrun likitoci da masu bincike, da wanda ya mallaki gida na aƙalla riyal miliyan 4. Ana neman fasfo mai aiki, da shaidar dukiya, da shaidar lafiya, da shaidar cewa mutum bai taɓa aikata laifi ba, kuma in yana cikin ƙasar dole zamansa ya kasance bisa doka. Ku dubi sharaɗin nan na ƙarshe da kyau. Wanda ya shiga da bizar Umara ya maƙale ya rufe wa kansa wannan ƙofa da hannunsa.

To amma ta nan ne aka fi bi da mutanenmu. Bizar Umara ba ta ba da izinin aiki ko na yini ɗaya. Da zarar kwanakinta sun ƙare, mutum ya zama takari, yana ɓuya, yana tsoron asibiti, wanda ya yi wa aiki ya hana shi kuɗinsa kuma ba shi da inda zai kai ƙara. In kame ya rutsa da shi, akwai tara, akwai ɗauri, sannan a tsare shi a sansanin Shumaisi da ke tsakanin Makka da Jidda har a sako shi jirgi, an ɗauki hoton yatsunsa, an hana shi komawa. Ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano da kayan jikinsa, gonar kuwa wani ke noma ta. A ƙasa irin tamu, inda gona ke jikin gona kuma gado ya riga ya yayyanka ta, wanda ya sayar da wuya ya sake samu.

Mata su fi kowa kula. Gyaran dokar ƙwadago na watan Maris 2021, wanda ya ba ma'aikaci damar sauya wurin aiki ba sai da yardar kafili ba, bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida da makiyaya da masu aikin gona ba, alhali su ne ayyukan da ake kai 'ya'yanmu. Yarinyar da ta gudu daga gidan da ake cutar da ita, kafili na iya kai rahoton hurub, wato ta tsere, daga nan tana iya komawa wadda hukuma ke nema.

Duk wanda dillali ya zo masa, ya nemi ganin lasisin kamfanin daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. In tafiyar Umara ce, ya bincika ko Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta san da kamfanin. Ya sa wanda ya iya karatu ya karanta masa abin da aka rubuta a bizar, ta aiki ce ko ta ziyara, ya kuma ga takardar yarjejeniya mai ɗauke da albashi da sunan kafili tun yana gida. Kada ya miƙa kuɗi babu rasit da shaidu. In ya isa, kada ya bar fasfonsa a hannun kowa, domin dokar Saudiyya kanta ta hana kafili riƙe fasfon ma'aikaci.

Ranku ya daɗe, hakimi da dagatai da masu unguwanni, ku ake kira shaida idan za a sayar da gona. Ku tambayi mai sayarwa abin da zai yi da kuɗin kafin ku sa hannu. Malamai da limamai, a faɗi wannan a huɗubar Juma'ar nan. Wanda kuma aka riga aka karɓi kuɗinsa, ko aka tafi da 'yarsa aka daina jin ɗuriyarta, ya kai ƙara ofishin NAPTIP da ke Kano, hukumar da ke yaƙi da safarar mutane, ya tafi da rasit da lambar wayar dillalin da duk saƙon da suka yi musaya.