Gwajin Tsaron Shafukan Intanet da Ƙirƙirarriyar Basira: Misalin Injamena

A shekarar 2015 ne ƙasar Chadi ta kafa hukumar ANSICE mai mazauni a Injamena, wadda aka ɗora wa alhakin tsaron na'urorin kwamfuta da bayanan jama'a. A wannan shekarar kuma aka yi dokar da ta tanadi hukunci ga masu kutse. Dalilin haka a fili yake: ɗan kasuwar da ke aika kuɗi ta Airtel Money ko Moov Money, da ma'aikacin da ke duba asusunsa na banki ta waya, duk sun dogara ne da manhajar da ba su ga cikinta ba.

Gwajin tsaro shi ne mai shafi ya ɗauko gwani ya ce masa ya gwada shiga kamar ɓarawo, sannan ya kawo rahoton kafofin da ya samu. Misali, a gurbin da aka tanada don rubuta suna, gwanin kan rubuta umarni cikin harshen SQL. Idan manhajar ba ta bambance suna da umarni ba, sai ta miƙa umarnin ga rumbun bayanai, rumbun kuma ya fito da sunayen mutane da lambobinsu. Tun 1998 aka bayyana wannan dabara, amma har yau ana cin shafuka da ita. Kayan aikin ma ba sababbi ba ne: Burp Suite ya fito a 2003, ZAP kuwa a 2010.

Abin da ya sauya shi ne mai riƙe da kayan. A watan Nuwamba na 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da wata ƙa'ida mai suna MCP, wadda ke ba wa ƙirƙirarriyar basira damar kiran wasu manhajoji da kanta. A 2025 kamfanin PortSwigger ya haɗa Burp Suite da wannan ƙa'ida. Ke nan, basirar na iya aika saƙo ga shafi, ta karanta amsar, ta sauya dabara, ta sake aikawa, dare da rana ba gajiya. A watan Yuni na 2025 wata irin wannan manhaja mai suna XBOW ta zo ta ɗaya a jerin masu gano kafofi na Amurka a dandalin HackerOne.

Ga ƙaramin banki ko ma'aikata a Injamena, wannan sauƙi ne babba, domin hayar gwani daga waje akwai tsada. Sai dai basirar kan ba da rahoton kafar da babu ita, don haka dole mutum ya bi bayanta ya tabbatar. Haka kuma shafin da take gwadawa na iya ƙunsar ɓoyayyen umarni, ta karanta ta bi shi tana zaton daga ubangidanta ya fito. Mafi muni shi ne batun izini. Idan aka ce ta gwada shafin banki, ta bi wata mahaɗa ta faɗa shafin kamfanin waya, to kutse aka yi, kuma doka ba manhaja za ta gurfanar gaban alƙali ba, wanda ya sake ta za ta nema.