Bizar aikatau: Wa ke da ikon yi wa wani kafala a Misfala, kuma wa ya kamata ya biya?

Da wuya a samu Bahaushen da ya kwana biyu a Makka bai taɓa samun irin wannan saƙon murya a WhatsApp ba. Za a fara da doguwar gaisuwa, a tambayi iyali, a roƙi addu'a a gaban Ka'aba, sannan a zo kan magana: "Yaya, ga ƙanwarka aurenta ya mutu, ga yara uku, don Allah a duba a yi mata biza ta zo ta yi aikatau." A ganin na gida, mutumin da ke zaune a Misfala yana jin kiran sallar Harami daga ɗakinsa, ai biza a aljihunsa take. In ya ce ba zai iya ba, sai a ce ya samu duniya ya manta da dangi.

Gaskiyar magana, akasarinmu ba mu da wannan ikon. Waɗanda suke da shi kuma, hanyar da doka ta shimfiɗa musu daban take da wadda eja da dillalai ke tallatawa a Kano da Katsina da Maraɗi. Babban bambancin a wajen kuɗi yake. A hanyar doka, mai gidan da zai ɗauki ma'aikaciya shi ke biyan biza, da kuɗin ɗauko ta, da jirgi, da igama. A hanyar dillalai kuwa, uwar yarinya ce ke sayar da gona ko akuyoyi.

Misfala tana kudu da Masallacin Harami, inda titin Ibrahim Khalil ya gangara zuwa wajen Kudai. Sunanta ma daga gangaren ya samo asali, wato ɓangaren Makka na ƙasa, kishiyar Ma'ala da ke sama. Alhazanmu sun san ta sarai, domin a nan ake sauke da yawa daga cikinsu, kuma a lungunanta mutum zai sha fura ya ci tuwo kamar yana Fagge. To amma Hausar da kake ji a titi ba ta nuna maka takardar da ke aljihun mai yin ta. Akwai 'yan ƙasa, jikokin waɗanda suka tako ta Chadi da Sudan tun zamanin tafiyar ƙasa, masu laƙabin Hausawi ko Fallata ko Barnawi. Akwai masu igama, waɗanda su kansu suna ƙarƙashin wani kafili. Sai kuma takari, waɗanda suka shigo da bizar Umara ko ta ziyara suka zarce. Na ukun ba ya cikin lissafi kwata-kwata. Wanda shi kansa ke waiwaye in ya hango motar askarawa, da wane suna zai yi wa wani kafala?

Abin da ake buƙata kafin a ba ka biza

Duk bizar ma'aikatan gida a Saudiyya ta manhaja guda take fita, wato Musaned, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago da Ci-gaban Al'umma. Ba 'yar aikatau kaɗai ba, har direban gida, da kuku, da mai gadi, da mai kula da lambu, da mai jinyar tsoho, duk a rukuni ɗaya suke. Yawansu ya kai wajen miliyan huɗu a ƙasar, kuma abin da mutane da dama ba su sani ba, maza sun fi mata yawa a cikinsu saboda direbobi.

Ɗan ƙasa da ke neman biza ta farko sai ya nuna shaidar banki ta Riyal 40,000. Mai igama kuwa an fi tsananta masa: albashinsa ya kai Riyal 10,000 a wata, sannan ya nuna Riyal 100,000 a banki. In biza ta biyu yake so, sai a ninka duka biyun. In ba shi da aure, sai ya kai shekara 24.

Yanzu a duba Misfala da kyau. Tela nawa, direba nawa, ma'aikacin otal nawa ne ke ɗaukar dubu goma a wata? Ga kuma harajin iyali na Riyal 400 a kan kowane mutum duk wata da mai igama ke biya wa matarsa da 'ya'yansa. Likita ko injiniya ko malamin jami'a zai iya cika sharaɗin. Yayanku da ke aikin shago ba zai iya ba, kuma wallahi ba rowa ba ce.

Wanda ya tsallake wannan matakin zai biya Riyal 2,000 kuɗin biza, sannan ya zaɓi maktab, wato ofishin ɗauko ma'aikata mai lasisi, a cikin manhajar. Ta cikinta ake ƙulla yarjejeniya, ta cikinta ake biya, ba hannu da hannu ba. Gwamnati ta ƙayyade iyakar abin da maktab zai caja bisa ƙasar da ma'aikaciya ta fito. A ragin da aka yi a Janairun 2024, Filifin ta koma Riyal 14,700, Bangladesh 11,750, Kenya 9,000, Uganda 8,300, Habasha 5,900, ban da haraji. Tun daga Fabrairun 2024 kuma akwai inshorar dole a kan kwantiragin na shekara biyun farko. Sai gwajin lafiya da kuɗin igama in ta iso. Duk wannan a wuyan kafili yake.

Akwai wata ƙofa a Musaned da ake kira Ma'arufa, inda mai gida zai ce ga wance da sunanta ita nake so a ɗauko. Nan ne masu son taimaka wa 'yar'uwa ke sa rai. Sai dai ƙofar ba ta aiki sai ƙasar yarinyar tana cikin waɗanda aka buɗe wa ɗauko ma'aikata a lokacin, kuma jerin ƙasashen yana sauyawa. Habasha ta taɓa hana 'yan ƙasarta tafiya a 2013, Indonesiya ta rufe a 2015, Uganda a 2016, Filifin ta dakatar a ƙarshen 2021 ta sake buɗewa bayan shekara guda. Saboda haka in eja ya ce Najeriya ko Nijar a buɗe take, kada a ɗauki maganar baki. A sa wani mai igama ko ɗan ƙasa ya buɗe manhajar a ranar ya gani da idonsa.

"Biza hurra"

Nan ne ɓarnar take. Dillali zai ce yana da "biza hurra": a kawo yarinya da sunan wani Balarabe da ba za ta taɓa yi wa aiki ba, ta iso ta shiga gari ta nemi aikinta, duk wata ko duk shekara ta ba shi wani abu. Ana son ta ne saboda mai aiki a sake, gida-gida ko da awa, ta fi mai kwantiragi samun kuɗi, musamman a Ramadan da lokacin Hajji, lokacin da gidajen Makka ke neman hannu ruwa a jallo. Kuma za ta kwana cikin 'yan'uwa, ta ji Hausa, ta je biki da suna. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga macen da ta bar 'ya'yanta a gida, kuma bai kamata a raina wadda ta zaɓi hakan ba.

To amma a dokar Saudiyya babu wata biza mai wannan suna. Kowace biza ta aiki tana ɗaure da sunan kafili guda. Wadda aka kama tana aiki a gidan da ba na kafilinta ba ta karya doka, ko da igamarta sabuwa ce fil. Shi kuma wanda ya sake ta, hukuncinsa na iya kai wa tarar Riyal 100,000, da ɗaurin wata shida, da hana shi ɗauko ma'aikata har shekara biyar, in baƙo ne kuma a kore shi. Kun ga ke nan ɗan'uwan da aka matsa wa ya ara sunansa, zamansa da na iyalinsa ya jefa cikin caca.

Kuma ranar da aka samu saɓani kan kuɗin wata, ko kafilin ya ji tsoro, abu ne mai sauƙi ya shiga waya ya rubuta cewa ma'aikaciyarsa ta gudu. Shi ne abin da muke kira hurub. Sau da yawa ita ba za ta ma sani ba, sai ranar da ta je asibiti ko aka tsayar da ita a hanya. Daga nan sai tarhil na Shumaisi, a kan hanyar Makka zuwa Jidda, a ɗauki basma, a jira jirgi. Masu karatu za su tuna bidiyon da ya bazu a farkon 2021 na 'yan Najeriya da ke tsare a Saudiyya, da yadda hukumar NIDCOM ta Abike Dabiri-Erewa ta sanar da kwaso mutum 802, inda rukunin farko na 384 suka sauka Abuja ranar 28 ga Janairu. Ba a jirgin kaɗai asarar take tsayawa ba. Gonar da aka sayar ta tafi, kuma basma na iya hana mutum dawowa shekaru.

Ta halal ɗin ma ba hutu ba ce

Kada a ɗauka wadda ta bi hanyar doka ta huta. Sauye-sauyen da aka yi wa tsarin kafala a Maris ɗin 2021, waɗanda suka ba ma'aikatan kamfanoni damar sauya wurin aiki da fita ƙasar ba tare da izinin kafili ba, ba su haɗa da ma'aikatan gida ba. Su tasu dokar daban ce. Sabuwar da ta fara aiki a Oktoban 2024 ta ce kada aikin yini ya wuce awa 10, a ba da hutun yini guda duk mako da albashinsa, da hutun wata guda bayan shekara biyu, da hutun rashin lafiya har kwana 30 a shekara, da albashin wata guda na sallama ga wanda ya cika shekara huɗu. Ta hana ɗaukar wanda bai kai shekara 21 ba, ta kuma hana riƙe fasfo. Albashi ma an mayar da shi ta banki ko asusun waya, an fara da sababbin kwantiragi daga 1 ga Yulin 2024, don ya zama akwai shaida.

A takarda abin ya yi kyau. Matsalar ita ce wurin aikin gida ne, ƙofa a rufe, babu mai leƙawa. A watan Mayun 2025 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto kan mata 72 'yan Kenya da suka yi aikatau a Saudiyya. Sun ba da labarin aikin sama da awa 16 a yini, babu ranar hutu, an karɓe waya da fasfo, a kan albashin da ke wajen Riyal 900 a wata. Waɗannan fa ta maktab suka shigo. Abin da mai takarda ta fi takari da shi shi ne tana da inda za ta kai kuka: layin ma'aikatar na 19911, da zaman sulhu, in ya gagara sai kotun ƙwadago, ga kuma ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarta a Jidda. Takari in aka cinye mata albashin wata shida, zuwa ƙara daidai yake da miƙa kanta.

Akwai kuma wani abu da dillalai ba sa faɗa wa iyaye, alhali shi ke sa da yawa su amince. Ana cewa yarinya za ta je "Makka", uwa ta yi murna 'yarta za ta yi sallah a Harami, har ta sauke farali. Bizar aikatau ba ta gari ba ce, ta gidan kafili ce. Gidan zai iya zama a Riyad, ko Ha'il, ko wani ƙauye a Jizan, tafiyar ɗaruruwan kilomita daga Ka'aba. In lokacin Hajji ya gabato, mai igamar da ba a Makka aka yi ta ba ba ya shiga garin sai da izini. A Hajjin 2025 tarar wanda aka kama yana ƙoƙarin yin Hajji babu tasarihi ta kai Riyal 20,000, baƙo kuma a kore shi da haramcin shekara 10.

Ga iyayen da aka zo musu da magana, tambayoyin ba su da yawa. Wane ne kafilin, a wane gari yake, kuma a gidansa za ta yi aikin? Ina takardar kwantiragin da ta fito daga Musaned, mai ɗauke da albashi a rubuce? Kamfanin da ke ɗaukarta a gida yana da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya? Me aka buga a kan bizar, aiki ne ko Umara ko ziyara? Wannan ta ƙarshen a sa wanda ya iya Larabci ya karanta, domin an sha ɗora mata a jirgi da bizar Umara an ce musu ta aiki ce, sai bayan wa'adinta ya ƙare su gane sun zama takari. In kuma eja ya ce a kawo miliyoyi kuɗin biza, ko ya ce za a riƙa cirewa daga albashinta na watannin farko, a tambaye shi: to shi mai gidan me ya biya? Wanda ya ƙi amsawa, hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane tana da ofis a Kano da Sakkwato.

Mu kuma na nan, akwai taimakon da ya fi ara suna, kuma ba ya cin ko Riyal ɗaya. Mai igama zai iya karanta wa dangi hoton bizar da aka turo, ya duba ko maktab ɗin da aka ambata yana cikin jerin Musaned, ya karɓi lambar gidan da za a kai yarinyar tun kafin ta taso. In ta iso, ya riƙa kira duk Juma'a, mutanen gidan su san tana da wani a ƙasar.