Fararen Hanyoyin Tuskani: Yadda Tsohon Keke Ya Hana A Zuba Kwalta

A tsakiyar ƙasar Italiya, a Tuskani, tsakanin biranen Fulorens da Siyena, akwai wani yanki mai tuddai da ake kira Chianti. A cikinsa akwai ƙaramin gari, Gaiole, wanda mutanensa ba su kai dubu uku ba. Amma duk shekara a farkon watan Oktoba garin kan cika maƙil, domin sama da mutum dubu bakwai ne ke hallara daga ƙasashe daban-daban, kowa riƙe da tsohon kekensa na ƙarfe. Masu doguwar tafiya tun da asuba suke tashi, da fitila a goshin keke, su hau tudun da ke kaiwa tsohuwar fadar Brolio, inda ake jera musu kyandirori gefe da gefe. Sunan taron L'Eroica. Wani ɗan garin mai suna Giancarlo Brocci ne ya ƙirƙiro shi a shekarar 1997, kuma mutum 92 kacal suka fito a karon farko.

Abin da ya tayar da Brocci da abokansa ya wuce sha'awar motsa jiki. Hanyoyin karkarar yankin na farar tsakuwa ne da aka daddaɓe, suna ratsa gonakin inabi da na zaitun, suna haɗa ƙauye da ƙauye tun zamanin kaka da kakanni. Ɗaruruwan shekaru manoman wurin sun rayu ƙarƙashin tsarin raba amfani: mai ƙasa ya ba da gona da gida, manomi ya yi aiki, a raba abin da aka girba biyu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antu suka buɗe a birane, matasa suka watse, kuma a 1964 doka ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniya irin wannan. Gidajen gona da yawa suka zama kufai. Waɗanda suka rage kuwa, babban abin da suke roƙon hukuma shi ne kwalta, kuma ba wanda zai ga laifinsu. A haka fararen hanyoyin suka dinga ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Brocci ya ga cewa wa'azi ba zai tsayar da motar kwalta ba. Sai dai idan hanyar ta fara jawo baƙi, baƙin kuma suka fara kwana da cin abinci a ƙauyukan, to mutanen wurin da kansu ne za su tsaya mata.

Dokokin taron masu tsauri ne. Dole keken ya kasance ƙirar 1987 ko kafin nan, ko kuma sabo da aka ƙera daidai da wancan salo: jikin ƙarfe, abin canja giya a kan bututun da ke gaban gwiwa, wayoyin birki a waje, feda mai maɗaurin fata. Mahaya kan sa rigunan ulu irin na da. Duk wanda ya taɓa hawa tsohon Rale na mahaifinsa ya san nauyin ƙarfe da yadda birki ke yin gardama idan ruwa ya taɓa shi. Doguwar hanyar kilomita 209 ce, kuma idan aka haɗa duk hawan da ke cikinta ya haura mita 3,700. Akwai gajerun hanyoyi ga waɗanda ba za su iya wannan ba. Ba tsere ake yi ba. Ana buga wa mahayi hatimi a kati a wuraren da aka keɓe, ya tsaya ya sha ribollita, wata miyar wake da ganye da busasshen burodi wadda asalinta abincin talakawan manoma ne, sannan ya ci gaba.

To, mene ne ya sa tudu ke wahalar da mai keke haka? A shimfiɗaɗɗiyar hanya babban abokin gabarsa iska ce. Idan ya ninka gudunsa biyu, turjiyar iska kan ninku huɗu, ƙarfin da zai kashe don keta ta kuma ya ninku takwas. Shi ya sa 'yan tsere ke fakewa a bayan juna. Amma da zarar hanya ta miƙe sama, gudu ya ragu, iska ta daina zama matsala, sai nauyi ya karɓi ragama. A ɗauka mutum da kekensa sun kai kilo 80. Idan hanya tana hawa mita 8 a kowace mita 100, shi kuma yana tafiyar kilomita 10 a awa, to ɗaga wannan nauyi kaɗai na cin kusan wat 175 na ƙarfinsa. Idan hawan ya ninku zuwa mita 16, zai buƙaci kusan wat 350, abin da mutumin da ba ya horo ba zai iya riƙewa ba sai na ɗan ƙanƙanin lokaci. Ga shi kuma jikin ɗan Adam ba ya mayar da duk abincinsa aiki. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne ke isa feda, sauran ya fita a matsayin zafi da gumi. Da wannan lissafi, hawan mita 3,700 zai cinye kimanin kalori 2,800, fiye da abin da baligi ke buƙata a yini guda, ba a ma sa ragowar tafiyar a ciki ba. Tsayawa shan miya a irin wannan tafiya larura ce.

Mutane da yawa kan ɗauka cewa abin da tudu ya ci gangara za ta biya. Ba ta biya. Wanda ya hau kilomita 5 da gudun kilomita 10 a awa ya kashe minti 30. Idan ya gangaro wasu kilomita 5 da gudun 40, minti bakwai da rabi ke nan. Kilomita 10 cikin minti 37 da rabi, wato matsakaicin gudunsa 16 ne kawai. Tuddan Tuskani kuma ba dogaye ba ne kamar tsaunukan Alps, inda mahayi kan sami taki guda ya riƙe na awa ɗaya. Gajeru ne, masu miƙewa, suna zuwa a jere, ba sa barin numfashi ya daidaita.

Tsakuwa tana ƙara nata. A kan kwalta mahayi na iya tashi tsaye ya danna feda da dukan nauyinsa. A kan tsakuwa, yana tashi nauyi ya bar tayar baya, sai ta riƙa sulɓewa a wuri ɗaya. Dole ya zauna a sirdi ya yi ta niƙa a hankali. A gangara kuwa, wanda ya damƙe birkin gaba a tsakiyar kwana ƙasa zai sha. Gwanaye kan rage gudu tun kafin kwanar, su kuma rage iskar taya kaɗan don ta kama ƙasa, ko da yake ragewa da yawa na jawo faci. A tsohon keke, canja giya na buƙatar sakin hannu ɗaya, kuma a wurin da hanya ke girgiza mutum wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ladan wahalar shi ne garuruwan da ake ratsawa. Mutanen da suka gina da yawa daga cikinsu sun zaɓi kan tudu ne don tsaro, shi ya sa sau da yawa sai an yi hawa kafin a shiga gari. Akwai Montalcino da ganuwarta. Akwai Buonconvento, a kan tsohuwar hanyar masu ziyarar ibada zuwa Roma, inda Sarki Henry na Bakwai na Daular Roma Mai Tsarki ya rasu a 1313. Akwai Asciano a tsakiyar tuddan yumɓu masu launin toka. Mai mota kan wuce waɗannan wurare cikin minti kaɗan. Mai keke yana jin ƙishi, yana jin yunwa, dole ya tsaya a dandalin gari ya cika gorarsa, ya sayi burodi, wani lokaci ya kwana. A ganina nan ne hikimar Brocci take, domin baƙon da ke tafiya a hankali shi ne ke barin kuɗi a ƙauye.

Keke yana da daraja ta musamman a wannan yanki. Gino Bartali, wanda aka haifa kusa da Fulorens a 1914, ya lashe gasar zagaya Faransa a 1938 da 1948. Tsakanin nasarorin biyu, lokacin da sojojin Jamus suka mamaye Italiya, ya riƙa fita kamar mai horo, alhali ya ɓoye takardun shaida na bogi a cikin bututun kekensa don ceton Yahudawa da ake farauta. Bai yi ta yayata abin ba har ya rasu a shekarar 2000.

Daga taron masu sha'awa aka haifi gasar ƙwararru a 2007, wadda yau ake kira Strade Bianche, ana yin ta a farkon Maris, ta mata kuma ta biyo baya a 2015. Ana ƙarewa a Piazza del Campo, babban dandalin Siyena, bayan an hau wani siririn titi mai daɓen dutse da hawansa ya kai kashi 16 cikin 100. Fabian Cancellara na Suwizalan ya lashe ta sau uku, aka sa wa sashen Monte Sante Marie mai kilomita 11.5 sunansa. A wannan sashe ne Tadej Pogačar na Sulobeniya ya tsere wa kowa a 2024, ya yi kilomita 81 shi kaɗai har zuwa ƙarshe. Hotunan ƙura da ake watsawa ta talabijin sun zama tallar yankin, kuma an kafa irin taron Gaiole a Japan da Kalifoniya da Afirka ta Kudu.

Sai dai kada a ɗauki wannan labari a matsayin yabon rashin hanya. Abin ya yiwu ne saboda manyan hanyoyin yankin suna da kwalta, asibiti da kasuwa ba su yi wa kowa nisa ba. Mutumin da gidansa ke bakin farar hanya har yanzu yana shan ƙura da rani, taɓo da hunturu, kuma hakkinsa ne a saurare shi kafin baƙon da ya zo na kwana biyu. Hanyar tsakuwa ma ba ta riƙe kanta. Ruwan sama na zaizaye ta, motoci na tona mata ramuka, dole ƙananan hukumomi su riƙa baje ta, su ƙara tsakuwa, su gyara magudanan ruwa. An kafa alamomi na dindindin a duk tsawon kilomita 209 ɗin, don haka yanzu mahaya na zuwa a kowane wata na shekara, da tsohon keke ko sabo, su raba tafiyar kwana biyu ko uku, suna kwana a ƙauyukan da ke kan hanya.