Ɗorawa Ma Tana da Uwa da Uba

Jama'a, kowa ya san ɗorawa. Muna shan garinta, muna yin daddawa da kalwarta, muna yin daɓe da makubarta. Amma ba duk ɗorawa ce ɗaya ba. Wata garinta ya fi zaƙi. Wata kalwarta ta fi girma. Wata tana jure fari, wata ba ta jurewa. Kowace da halinta, kamar 'yan Adam. Yawancin halin nan gado ne daga uwa da uba.

Uwa mun san ta, ita ce itacen da muka tsinki 'ya'yansa. To, ina uban?

Da rani ɗorawa takan yi jan fure mai lilo, kamar ƙwallo. A jikin furen akwai wani gari mai laushi. Shi ne irin namiji. Da dare jemagu sukan zo shan zaƙin furen, garin nan ya manne a gashinsu. In sun tashi zuwa wata ɗorawa, sai su kai mata. Ƙudan zuma ma suna yin wannan aiki. Ɗorawa ba ta cika yin 'ya'ya da nata garin ba, sai an kawo mata na wata. Ashe uban yana can wata gona.

Ku lura da abu biyu. In muka sare ɗorawar karkara muka bar ɗaya tilo, 'ya'yanta za su ragu. In kuma muka ɗebi iri daga uwa ɗaya, duk abin da muka shuka 'yan ɗaki ɗaya ne. Cutar da ta kama ɗaya tana iya kama duka. Makiyayi ya san haka, shi ya sa yakan sake bijimi a garkensa.

Saboda haka in za mu tara kalwar shuka, mu ɗeba daga itatuwa masu lafiya kamar 30. Kada su zama na kusa da juna, mu bar tazara kamar taki 100, gama na kusa galibi 'yan'uwa ne. Mu gauraya irin, sa'an nan mu shuka. Kada mu kori jemagu, kada mu ƙone gidan zuma. Mu bar manyan itatuwa su tsaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.