Manomi Kirista da Fargabar Gobe a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

A da, damuwar manomin Funtuwa da Malumfashi ba ta wuce jinkirin ruwan shuka, tsadar taki da faɗuwar farashin auduga ba. Yau kuwa 'yan bindiga sun ƙara masa wata: ko zai dawo gida daga gona? Sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, da sace limaman Katolika biyu a Gidan Mai Kambu cikin Ƙaramar Hukumar Ƙafur a Mayun 2022, sun nuna cewa wannan bala'i bai ware Musulmi ko Kirista ba.

To, da me Kiristocin Hausawa na wannan yanki suke kwantar da zuciya? A Linjilar Matiyu, sura ta 6, Yesu Almasihu ya ba da misalin tsuntsaye, waɗanda Allah ke ciyarwa ba tare da suna da rumbu ba. Sai dai tsuntsu ba ya yini a sheƙa. Da asuba yake fita kiwo. Ashe dogaro ga Allah ba naɗe hannu ba ne. Manomi ya yi huɗa, ya shuka, ya yi gayya da maƙwabta, ya kuma tunatar da hukuma haƙƙin kare rayuka. Abin da ya fi ƙarfinsa, wato saukar ruwa da tsawon rai, shi yake miƙa wa Ubangiji cikin addu'a. Fargabar dare dai ba ta taɓa tsirar da ko ƙwayar masara ɗaya ba.