Daga Tudun Wada Zuwa Na'urar POS: Ina Bankin Talaka Ya Kwana?

A watan Disamba na shekarar 1990 aka buɗe wani ɗan ƙaramin banki a unguwar Tudun Wada da ke Kaduna, aka raɗa masa suna Alheri. Shi ne bankin al'umma na farko a Najeriya, a ƙarƙashin tsarin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fito da shi. Ba shi da reshe a wani gari, ba ya kuma harkar kuɗin ƙasashen waje. Tsarin ya tanadi cewa mutanen wuri su ne masu banki: ƙungiyar ci gaban gari, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu sana'a, da ɗaiɗaikun mutane, kowa ya sayi hannun jari daidai ƙarfinsa. Da jama'a sun haɗa naira 250,000 sun cika sauran sharuɗɗa, sai a ba su izini, gwamnati kuma ta ƙara musu rance don su kafu. An kuma iyakance hannun jarin da mutum ɗaya zai riƙe, don kada wani attajiri ya mayar da bankin gari aljihunsa.

Ba banza aka yi wannan tunani ba. Tun 1977 gwamnati ta tilasta wa manyan bankuna buɗe rassa a karkara, suka buɗe, amma galibin aikin rassan ya tsaya ga karɓar ajiya. Kuɗin manomi da mai shago ya kwana a ƙauye, ya wayi gari a birni a hannun babban ɗan kasuwa. In talaka ya je neman rance sai a ce ya kawo jingina, jinginar kuma takardar mallakar fili ce mai sa hannun gwamna. Gidan gado a cikin birnin Katsina ko Zazzau, wanda shaidarsa ita ce mai unguwa da maƙwabta, ba ya shiga wannan lissafi. Tela yana da keke, yana da masu kawo ɗinki, yana da suna a layinsu, amma a idon banki ba shi da komai. Da matsin tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya zo, sai abin ya ƙara fitowa fili. A 1989 aka kafa Bankin Jama'a, wanda Tai Solarin ya shugabanci hukumarsa, don ba talaka rance ba tare da jingina ba. Bayan shekara guda bankunan al'umma suka biyo, aka kuma kafa musu hukuma ta ƙasa a ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje.

Hikimar da ke cikin tsarin guda ce, kuma har yau ba ta tsufa ba: sanayya ita ma jingina ce. Manajan da ke sallah masallaci ɗaya da mai neman rance ya san ko mutumin yana biyan bashi, ya san ko shagonsa na ciniki, ya san surukansa. Mai cin bashin kuma ya san cewa kuɗin na maƙwabta ne, in ya cinye ba zai iya ɗaga kai a majalisa ba. Abin da babban banki zai kashe kuɗi da watanni yana bincikawa, bankin unguwa ya riga ya sani tun kafin a cike fom.

Jama'a suka karɓi abin hannu bibbiyu. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 an sami bankunan al'umma sama da 1,300 a faɗin ƙasar, ko da yake mafi yawansu a Kudu suke, inda ƙungiyoyin gari suka daɗe da sabawa da haɗa kuɗi don aikin gayya.

Sai dai sanayyar da ta ɗaga su ita ce ta kayar da da yawa daga cikinsu. Wanda aka sani ana jin nauyin hana shi, ana kuma jin kunyar bin sa bashi. Daraktoci suka riƙa ba kansu da 'yan uwansu rance ba tare da niyyar biya ba. An ɗauki ma'aikata don ɗan wane ne, ba don ya iya lissafi ba. Wasu masu karɓar rance, da suka ji akwai hannun hukuma a ciki, sai suka ce ai kuɗin gwamnati ne, rabonsu ne ya tsaga. Ga kuma wata masifa da ba laifinsu ba ce: bankin al'umma ba shi da ikon warware cak da kansa, dole ya ajiye kuɗi a wani babban banki ya riƙa yi masa. Da guguwar durƙushewar bankuna ta taso a shekarun 1990, kuɗin ƙananan ya nutse tare da manyan da suka dogara da su. Ɗaruruwa suka rufe ƙofa, ajiyar masu ƙosai da masu faci ta maƙale a ciki.

A shekarar 2000 aka haɗe Bankin Jama'a da bankin noma da wani shirin tallafin iyali suka zama banki ɗaya, wanda yau ake kira Bankin Manoma, mai hedikwata a Kaduna. Kula da bankunan al'umma kuma ya koma hannun Babban Bankin Najeriya. A watan Disamba na 2005, lokacin Charles Soludo yana gwamnan Babban Banki, aka ƙaddamar da sabuwar manufa: kowane bankin al'umma ya tara jarin naira miliyan 20 ya koma ƙaramin bankin lamuni, abin da jama'a ke kira maikurofainans, kafin ƙarshen 2007, ko ya tattara kayansa. Daga nan shara ba ta tsaya ba. A watan Satumba na 2010, zamanin Sanusi Lamido Sanusi, an soke lasisin ƙananan bankuna 224, ko da yake daga baya an ba wasu damar farfaɗowa bayan sun ƙaro jari. A 2019 aka sake ɗaga ma'auni: naira miliyan 50 ga ƙaramin banki na karkara, miliyan 200 ga na birni, biliyan 1 ga mai aiki a jiha baki ɗaya, biliyan 5 ga mai aiki a duk ƙasa. A watan Mayu na 2023 wasu 179 suka rasa lasisinsu.

Babu mai hankalin da zai ce a bar banki marar jari ya ci gaba da karɓar ajiyar talaka. Amma akwai abin da aka yi asara a hanya, kuma ya kamata a faɗe shi. Garin da zai iya haɗa naira 250,000 a 1990 ba lalle ne ya iya haɗa miliyan 50 yau ba. Wanda ke da irin wannan kuɗi ɗan kasuwa ne mai neman riba cikin sauri, shi kuwa birni zai nufa, wurin ma'aikata masu albashin da za a iya cirewa kai tsaye a ƙarshen wata. Haka bankin da aka ƙirƙira don mai sana'a ya wayi gari yana bin ma'aikacin gwamnati. Binciken ƙungiyar EFInA na 2023 ya nuna kashi 26 cikin ɗari na baligai a Najeriya ba sa hulɗa da kowace irin hanyar kuɗi, amma a Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 47. Wannan kuwa yanki ne da kasuwanci ya zama gado, yankin kasuwannin Kantin Kwari da Dawanau da Kurmi.

Abin sha'awa, yayin da ake ta gyaran dokoki a Abuja, matan karkara a ƙasar Hausa sun riga sun nuna hanya. A 1991, a yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, ƙungiyar agaji ta CARE ta fara wani shiri da aka sa wa suna Mata Masu Dubara. An ɗora shi ne a kan adashi, wanda kowace mace ta sani, aka yi masa gyara ɗaya mai muhimmanci. A adashi kowa na jiran ranar kwasarsa, ko buƙata ta zo ko ba ta zo ba. A nan kuwa mata ashirin zuwa talatin ke haɗuwa kowane mako su zuba abin da suka amince a cikin asusu, wadda ke da buƙata ta ranta ta sayi gyaɗa ko ta ƙara jarin ƙuli-ƙuli, ta dawo da shi bayan 'yan makonni da ɗan ƙari, a ƙarshen zango a fasa asusu a raba. A tsarin da ya bazu daga baya, akwatin na da kwaɗo uku, makullan na hannun mata uku daban-daban, ba a buɗewa sai a gaban kowa. Babu kuɗin gwamnati a ciki balle a ce rabo ne. Tsarin da aka fara a ƙauyukan Maraɗi yanzu ana amfani da shi a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, miliyoyin mutane na cikinsa.

Ƙananan bankuna da ƙungiyoyin da suka daɗe a fagen, irin su LAPO da ta taso daga Kudu da DEC ta Bauchi, irin wannan hanya ta rukuni suka riƙe. Suna ba da rance ga rukuni, kowa ya tsaya wa ɗan uwansa, a fara da kaɗan, wanda ya biya a ƙara masa. Jami'in banki ne ke zuwa inda mutane suke, ba su ne ke rufe shago su je layi ba. Tsarin na da nasa zafin, domin in mace ɗaya ta gaza, ƙawayenta ne za su biya, kuma an sha ganin zumunci ya lalace a kan haka. Amma shi ne ya fi kai kuɗi hannun matar da ba ta taɓa taka ƙofar banki ba.

Sai maganar kuɗin ruwa, inda mutane da yawa ke faɗawa rami ba su sani ba. Ƙananan bankuna kan faɗi ruwansu a wata, ba a shekara ba, kuma sau da yawa suna lissafa shi a kan dukkan kuɗin da aka karɓa tun farko. A ɗauki misalin mai shagon da ya ranci naira 100,000 na wata shida, aka ce ruwa kashi 4 ne a wata. Zai biya 4,000 sau shida, wato 24,000, jimla 124,000. Amma tun daga watan farko yana rage uwar kuɗin, zuwa wata na shida abin da ya rage a hannunsa bai kai 17,000 ba, alhali har yanzu ana cajin sa ruwan 100,000. In aka yi lissafi na gaskiya, ruwan ya haura kashi 6 a wata, kafin a haɗa kuɗin fom da na inshora. Mai sayar da kayan miya da ke juya jarinsa kullum zai iya ɗaukar wannan. Manomin da zai jira kaka, ko mai kiwon da zai jira Babbar Sallah, rancen da za a fara biya mako mai zuwa ba taimako ba ne gare shi.

A Arewa kuma akwai abin da ya fi tsada nauyi, wato haramcin kuɗin ruwa. Mutane da yawa ba rashin banki a kusa ne ya hana su ba, tsoron Allah ne. Bankin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, ya nuna cewa ana iya harkar banki ba tare da ruwa ba, kuma a 2017 Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin kafa ƙananan bankuna marasa kuɗin ruwa. A tsarin murabaha, maimakon a ba tela kuɗi, banki ne zai sayi keken ɗinki ya sayar masa a farashin da aka yi yarjejeniya a kai, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan, farashin kuma ba ya ƙaruwa. Wannan na da wata fa'ida ko ga wanda bai damu da fiƙihu ba: kuɗin jari ba ya karkata zuwa biki ko suna. Irin waɗannan ƙananan bankuna har yanzu 'yan kaɗan ne idan aka kwatanta da buƙata, kuma nan ne ya kamata attajiran Arewa da gwamnatocin jihohi su sa hannu da gaske.

Yau fuskar banki da talaka ya fi gani ita ce yaro mai na'urar POS a ƙarƙashin laima. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tura hatta mai shayi da mai nama zuwa karɓar tiransifa. Wasu daga cikin kamfanonin da ke bayan wannan harka, kamar Moniepoint da Kuda, da lasisin ƙaramin bankin lamuni suke aiki, wato jikokin Alheri ne a idon doka, duk da cewa ba su da unguwa. Sanayyarsu ta daban ce: suna ganin abin da ke shiga da fita a asusun mai shago kowace rana, a kan haka suke auna nawa za su ranta masa. Wannan ya buɗe ƙofa ga dubban 'yan kasuwa. Amma kwamfuta ba ta san cewa gobara ta ci kasuwa ba, ko ambaliya ta share gona, kuma ba ta ganin matar da duk cinikinta da tsabar kuɗi ne a cikin gida.

Akwai gyare-gyare biyu da mutane da yawa ba su san da su ba. Tun 2016 aka buɗe rajistar jingina ta ƙasa, doka kuma ta mara mata baya a 2017, ta yadda za a iya jinginar da kayan da ke motsi, kamar injin niƙa, babur, dabbobi ko hajar shago, ba sai fili ba. Na biyu, a 2024 hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta ɗaga abin da take biyan mai ajiya idan ƙaramin banki ya rufe, daga naira 200,000 zuwa miliyan 2. Wannan kariya ta bankin da ke da lasisin Babban Banki ce kaɗai. Duk ofishin da ya kafa allo a bakin kasuwa yana karɓar ajiya, yana alkawarin ninka kuɗi cikin wata uku, ba ya cikinta, kuma Babban Banki na wallafa sunayen masu lasisi a shafinsa na intanet ga duk mai son dubawa kafin ya miƙa jarinsa.