Ɗan ƙudan da ke taimakon likitocin ciwon daji

Ɗan mitsitsin ƙudan nan da ke yanyame ruɓaɓɓen mangwaro, masana na kiransa Drosophila. Idan aka haska wa tsutsarsa hasken X, DNA ɗinta kan tsinke. Nan take furotin p53 ke tada ƙwayoyin gado reaper da hid, su kuma su kawar da DIAP1, mai hana ƙwayar jiki mutuwa. Ƙwayar da ta lalace sai ta kashe kanta, maƙwabtanta su hayayyafa su cike gurbin.

A 2000 aka tabbatar p53 ke kunna reaper. Mu ma muna da p53, kuma a kusan rabin cututtukan daji ya lalace. Wannan na cikin dalilan da wani ƙari ke bijire wa gashin haske, maganin da aka soma a Yamai a 2021.